Jirin Da Ke Zuwa Ya Tafi: Amsa Ga Masu Sauraro Na Goronyo, Wurno Da Rabah

Ina gaida manoma na bakin fadama, da 'yan kasuwa masu bin hanyar Achida, da iyayenmu mata da ke sauraronmu a tsakar gida.

Yau takardu uku na ware, dukkansu a kan abu ɗaya suke magana, wato jiri, wanda wasu ke kira juwa, wasu kuma hajijiya. Na daɗe riƙe da su, masu su su yi mini afuwa. Dalili shi ne ni ba likita ba ne. Takardar shaidar malanta gare ni, allo da alli na sani kafin Allah Ya kawo ni bakin wannan aiki. Saboda haka sai da na ɗauki takardun na kai wa wani likitan kunne a nan Sakkwato, muka zauna ya warware mini, na kuma duba abin da aka rubuta a kan ciwon. Abin da zan faɗa ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba. Amma zai sa in kun je ku san abin da za ku faɗa, kuma kamar yadda za ku ji, a wannan ciwo abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi kowane awo muhimmanci.

Takarda ta farko daga Goronyo ta fito. Wata baiwar Allah ce mai sana'ar turara shinkafa tana kaiwa kasuwa, ɗanta ya rubuta mata, ta kuma roƙa a sakaya sunanta. Shekarunta sun ɗan haura 40. Ta ce tun tana budurwa take fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, mai sara kamar ana daka a ciki, har da amai. In ya taso sai ta ɗaure kai da kallabi tamau, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da shekaru suka ja sai ciwon kan ya lafa, ta yi hamdala. To shekara biyu ke nan wani sabon abu ya ɓullo. Haka kawai sai ta ga ɗaki na juyawa, ko ta ji ƙasa na lilo da ita kamar tana cikin kwalekwale a gulbin Rima. Yakan kama ta da hantsi, bai sake ta ba sai la'asar, wani lokaci har kwana biyu. Zuciyarta na tashi, ba ta son haske, ƙarar injin casa kuwa ji take kamar a cikin kanta yake. Daga nan sai ya wuce kamar ba a yi ba. Sau uku ana auna jininta, a ce taifot ne, a ce zazzaɓin sauro ne, a yi mata ƙarin ruwa. Awaki biyu ta sayar. Yanzu a gidan an fara ƙus-ƙus cewa iskoki ne. Ran nan kuma saura ƙiris ta faɗa kan tukunyar shinkafa tana tafasa. Tambayarta ita ce, wane irin ciwo ne wannan, kuma yana kisa?

To Hajiya, sannu. Allah Ya ba ki lafiya, Ya mayar miki da abin da kika kashe. Likitan da na kai wa takardarki ya ce ba a yanke wa mutum ciwo daga takarda, sai an gan shi an duba. Amma ya ce labarinki ya yi kama ƙwarai da wani ciwo sananne. Shi wancan ciwon kai na ɓari ɗaya da kika yi fama da shi, likitoci na kiransa maigiren. Mai yiwuwa ne bai tafi ko'ina ba, riga kawai ya sake. Da yana zuwa miki da sara, yanzu yana zuwa da jiri. Wannan ya zama ruwan dare ga mata in sun doshi shekarun ɗaukewar al'ada: ciwon kan ya ragu, jirin ya karɓe shi.

Bari in yi bayani yadda na saba yi wa yara a aji. Abin da ke sa mutum ya tsaya cak bai faɗi ba, 'yan aike uku ne ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Na farko ido. Na biyu tafin ƙafa da gaɓoɓi, su ke faɗin inda ƙasa take. Na uku yana can cikin kunne, ƙuryar da tsinke ba ya kaiwa. A kowane kunne akwai 'yan bututu uku a lanƙwashe, cike da ruwa. Kin san yadda ruwa ke motsi a cikin ƙwarya in mai ɗauke da ita ta juya? To haka ruwan nan yake yi in kin juya kai, shi ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an juya, kuma ta wane gefe. Ƙwaƙwalwa kamar hakimi take a fada, tana jin rahoton ukun nan tana haɗawa. In bakinsu ya zo ɗaya, lafiya lau. In ido ya ce a zaune muke, kunne ya ce juyawa muke, sai jiri da tashin zuciya.

A ciwon ɓarin kai, galibi 'yan aiken lafiyarsu ƙalau. Fadar ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo tana da saurin harzuƙa. In ya motsa, haske kaɗan sai ya zama mata kamar tsakar rana, ƙara kaɗan ta zama tsawa, motsi kaɗan ya zama lilo. In guguwar ta wuce sai kome ya koma daidai. Shi ya sa aka auna jininki ba a ga abin kirki ba, kuma ko hoton ƙwaƙwalwa aka ɗauka, mafi yawa ba a ganin kome. Babu wani awon jini ko hoto da ke nuna wannan ciwo. In likita ya sa a yi awo, yana yi ne don ya kore wasu cututtuka.

To da me ake gane shi? Da ƙidaya. A shekarar 2012 ƙungiyoyin likitoci biyu na duniya, ta masana ciwon kai da ta masana jiri, suka haɗu suka tsayar da sharuɗɗa. Ita ta masana jirin sunan Robert Barany ta ci, wani likitan kunne na ƙasar Ostiriya da ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda aikinsa a kan waɗannan bututu na cikin kunne. Suka ce sai jirin ya zo aƙalla sau 5, mai ƙarfin da ke dagula wa mutum aiki ko ya hana shi ɗungum. Kowane zuwa ya ɗauki tsakanin minti 5 da awa 72, wato kwana 3. Sai kuma a ce mutumin yana da ciwon ɓarin kai, ko ya taɓa yi a baya, ko da shekara 20 ce ta wuce. Sannan a rabin zuwan ko fiye, jirin ya zo tare da ɗaya daga cikin alamun ciwon: ko sarar kai irin tasa, ko ƙin haske da ƙin ƙara, ko ganin walƙiya-walƙiya a ido. Ƙarshe, a tabbata ba wani ciwo dabam ne ya fi dacewa da labarin ba.

Ki lura da kyau, Hajiya, ba a ce dole kai ya yi ciwo a lokacin jirin ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata. Mutum ya je asibiti ya ce jiri nake ji, a tambaye shi kanka na ciwo, ya ce a'a, shi ke nan magana ta mutu. Alhali da ya ƙara da cewa ai da can na yi fama da ciwon ɓarin kai, kuma in jirin ya zo ba na son haske, da ya ba likita bakin zare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma tun da sai a 2012 aka tsayar da sharuɗɗan nan, kada ki ga laifin ma'aikacin lafiya na karkara da ya yi karatunsa kafin nan, ga layi a gabansa, ga zazzaɓin sauro shi ne abin da ya fi gani kullum.

Maganar taifot kuwa, ina da ɗan ƙorafi. Awon nan da ake kira Widal yakan nuna alama ga mutane da yawa a ƙasarmu waɗanda ba taifot ke damunsu ba. Taifot zazzaɓi ne mai kama jiki kwana da kwanaki, ba ya zuwa da hantsi ya tafi da la'asar, ya dawo bayan mako uku. Shi kuma ƙarin ruwa, yana da amfani ga wanda amai ya ƙarar masa da ruwan jiki. Amma jirin nan ko an yi ƙarin ruwa ko ba a yi ba, in lokacinsa ya cika zai wuce. Sai ledar ruwa ta kwashi yabo, akuya kuma ta tafi.

Batun iskoki ba hurumina ba ne, ba kuma zan hana kowa addu'a ba. Abin da zan ce wa mutanen gidan shi ne, ciwon ɓarin kai yana kama kusan mutum 1 cikin 7 a duniya, mata sun ninka maza kamar sau uku. Shi kuma irin wanda ke zuwa da jiri, binciken da aka yi a Jamus da Amurka ya nuna tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100. Ke nan a kasuwar Goronyo ranar da ta cika, ba Hajiya kaɗai ce ba. Yana kuma bin jini. A tambaya a dangi, da wuya a rasa inna ko goggo mai ɗaure kai ta shige ɗaki. Ni kaina haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi, mu yara a hana mu ko tari a tsakar gida, ba mu san sunan abin ba. Waɗanda ke da shi kuma sau da yawa tun suna yara mota ke sa su amai.

Yana kisa? Shi kansa ciwon ba ya kisa. Inda ya kama mutum ne abin tsoro: bakin murhu, bakin rijiya, kan magudanar ruwan da ke fitowa daga madatsar Goronyo, cikin kwalekwale, kan babur. Zan dawo kan abin yi, amma bari in shigo da takarda ta biyu, don ita za ta nuna mana cewa kama da wane ba wane ba ne.

Wannan daga Wurno take, wani dattijo manomin albasa da tafarnuwa. Ya ce shi in ya juya a kan shimfiɗa ta gefen dama, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a rumbu, ko ya ɗago daga sujada, sai duniya ta juya da shi da ƙarfi, amma kafin ya ƙirga 30 ta tsaya. Bai taɓa ciwon ɓarin kai ba.

To Baba, naka da alama dabam ne, kuma albishirinka, ya fi sauƙin magani. A cikin kunnen nan akwai wasu 'yan tsakuwoyi da ido ba ya gani, sinadarinsu ɗaya da farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Suna da mazauninsu. In shekaru suka ja, ko mutum ya bugu a kai, sai wasu su ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun nan. Duk sanda ka juya kai ta wannan gefe sai su gangara, su kaɗa ruwan, kunne ya kai rahoton ƙarya. Suna kwantawa jirin ya tsaya, shi ya sa ba ya kai minti ɗaya. Likita zai kwantar da kai ya juya kanka yana kallon idonka, in wannan ne zai ga idon na rawa. Maganinsa ba ƙwaya ba ce, ba allura ba. Akwai wani salon juya kai daki-daki da wani likitan Amurka mai suna Epley ya wallafa a 1992, wanda ke mayar da tsakuwoyin mazauninsu cikin 'yan mintoci. Mutane da yawa zama ɗaya ko biyu ya ishe su. Kada dai ka sa yara su gwada maka a gida ba a duba ka ba, musamman in kana da ciwon wuya.

Akwai kuma na uku mai kama da su, wanda wani likitan Faransa, Meniere, ya bayyana a 1861. Shi jirinsa daga minti 20 ne zuwa awa 12, amma yana zuwa da toshewar kunne ɗaya, da ƙugi a cikinsa, ji kuma yana raguwa a hankali. Wanda jinsa ke raguwa ya faɗa wa likita, don akwai awon ji da ke rarrabewa.

Baba ya ƙara da wata tambaya, cewa in ya daɗe a duƙe cikin fangalin albasa ya miƙe, sai idonsa ya yi duhu. Wannan ba juyawa ba ce, jini ne bai kai ga kai da sauri ba. A bazararmu, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, gumi na kwashe ruwan jiki. Ƙishirwa na kawo shi, yunwa na kawo shi, ƙarancin jini na kawo shi, wani lokaci ma maganin hawan jini ne ya yi yawa. Ka riƙa miƙewa a hankali, gorar ruwa na kusa, a kuma auna jininka. Amma in bayan feshin maganin ƙwari ne ka ji jiri da ciwon kai, ga yawu na zuba, ga gumi, ga amai, to guba ce. A tuɓe tufafin, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti da robar maganin a hannu don a ga sunansa.

Yanzu jama'a ku matso kusa da akwatin rediyo, wannan ita ce gaɓar da ba na so kowa ya rasa. Akwai jirin da ba a jira da shi gari ya waye. In jiri ya faɗo wa mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, ya ƙi tsayawa, musamman dattijo ko mai hawan jini ko ciwon sukari, sannan ya kasa tsayuwa ko tafiya sai an riƙe shi, ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko harshe ya karye, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa sun mutu, ko haɗiya ta gagara, to ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ce ta bayan ƙwaƙwalwa. Haka in ciwon kai ya sauko kamar an sara da gatari, wanda bai taɓa jin irinsa ba. A nemi mota nan take. In da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ku tuna sanƙarau, waɗanda suka ga 1996 da 2017 ba sai an yi musu bayani ba. Mai juna biyu kuma da ke jin ciwon kai da jiri, ido na gani dishi-dishi, fuska ko ƙafa sun kumbura, a kai ta a auna jininta a ranar. Ko wanda ya saba da ciwon ɓarin kai, in yau ya zo masa da fuskar da bai sani ba, kada ya ce ai na saba.

To mu koma kanki, Hajiya. In kin ji ya taso, abu na farko ki nisanci wuta da ruwa. Ki zauna ko ki kwanta inda yake da duhu da shiru, ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. A samu wanda zai karɓi tukunya, shinkafa in ta lalace a sake wata. In da ciwon kai, Panadol ko ibuprofen da wuri ya fi a bari ya kankama, sai dai ibuprofen ba na mai gyambon ciki ba ne, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu. Akwai ƙwayoyin jiri da amai da ake samu a kemis, irin su Stugeron da Stemetil. Suna taimakawa a ranar da abin ya taso, amma kada a wuce kamar kwana uku ana sha. Suna sa barci, kuma in aka mayar da su abincin kullum sai su hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita kanta, jirin ya zama ɗan gida.

Babban aikin yana tsakanin zuwa da zuwa. Wannan ciwo ba ya son canji. Yana son a kwanta lokaci ɗaya a tashi lokaci ɗaya, a ci abinci a kan kari. Na san abin da za ki ce: ranar kasuwa tun kafin asuba ake tashi, a wuni ba a sa kome a ciki ba sai goro. To ki duba ko ba washegarin kasuwa ya fi kama ki ba. Ki tafi da fura ko ɗan abin taɓawa, ki sha ruwa tun ba ki ji ƙishirwa ba. Goro da shayi da kofi abu ɗaya ke cikinsu. Wanda ya saba da su, in ya yawaita su tayar masa, in ya yanke rana ɗaya ma su tayar masa. Shi ya sa masu cin goro da yawa ke shan ciwon kai a farkon azumi. Dabarar ita ce a fara ragewa a hankali tun watan Sha'aban, kada a bar sahur, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba. Wanda duk da haka abin ke kayar da shi, ya tambayi likita ya kuma tambayi malaminsa. Wasu hayaƙi ne ke tayar musu, wasu turare mai ƙarfi, wasu ƙyallin rana a kan ruwa, wasu lokacin al'ada, wasu kuma ɓacin rai. Kowa da nasa, kada ki haramta wa kanki abinci goma saboda an ce wance ta daina ci.

In yana zuwa sau da yawa a wata har yana hana nema, akwai magungunan rigakafi da ake sha kullum, ko da lafiya ko babu. Daga cikinsu akwai propranolol da amitriptyline da flunarizine da topiramate. Na faɗi sunayen ne don in likita ya rubuta kada ki yi mamaki, ba don a je kemis a saya ba. Na farkon asalinsa maganin hawan jini ne, kuma haɗari ne ga mai asma. Na biyun asalinsa na ciwon damuwa ne, ana ba da kaɗan da dare, kada wani ya karanta takardar ya ce ai ga shi likita ma ya ce taɓuwa ce. Topiramate da wani da ake kira valproate suna iya cutar da ɗan da ke ciki, duk macen da ke iya ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin a rubuta. Magungunan nan daga maganin ciwon ɓarin kai aka aro su, wani ya dace da wannan, wani sai an sake masa. Ba sa aiki a mako ɗaya. Sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci, kuma in zuwan ya ragu da rabi, likitoci na ƙirga shi nasara. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu ɗaya da likitan ya nanata: in jirin ya wuce, a tashi a ci gaba da harka. Wanda ya ji tsoro ya kwanta ya daina juya kai, jikinsa sai ya ƙara sangarta. Tafiyar ƙafa kullum magani ce, akwai kuma motsa kai da ido da masu gashin ƙashi na asibiti ke koyarwa.

Saƙo na uku ta waya ya zo, daga wani matashi ɗan kabu-kabu a Rabah. Ya ce shi yakan fara ganin wani haske mai karkace-karkace a gefen ido kamar na rabin awa, sai ciwon kai ya biyo, wani lokaci da jiri, musamman in ya shiga cunkoson kasuwa. Abokai suka ba shi tiramol, yanzu kusan kullum sai ya sha, ciwon kan kuma ya zama na kullum.

Ƙanena, an gudu gara an faɗa gidan zago. Hasken nan da kake gani sananniyar alama ce ta ciwon ɓarin kai, takan ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya. Ka ɗauke ta a matsayin gargaɗi: da ka gan ta, ka sauka gefen hanya, ka ba fasinja haƙuri ya hau wani. Kuɗin ɗauka ɗaya bai kai ƙafarka ba, bai kai ran wanda ka goya ba. Ciwon kan da ya zama na kullum kuwa, mai yiwuwa maganin ne da kansa ke kawo shi. Likitoci sun tabbatar cewa mai ciwon ɓarin kai in yana shan Panadol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko irin su tiramol da kodin da haɗe-haɗen nan masu sinadarin kofi kwana 10 ko fiye, har wata uku, to maganin na komawa ya zama ciwo. Tiramol kuma shi kansa yana sa jiri, in ya yi yawa yana sa farfaɗiya. Tun da ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, jiki zai yi bore. Ka je asibiti ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware suna wannan aiki, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Tun da na ambaci hasken nan, mata masu ganinsa su sani: in za a ba su ƙwayar tazarar haihuwa su faɗa, don akwai irin da ba ta dace da su ba, tana ƙara haɗarin shanyewar jiki, akwai kuma wadda ta dace.

Ku ukun nan, ku fara da babban asibitin garinku, a auna hawan jini da sukari da yawan jini, a leƙa kunne. In abin ya fi ƙarfinsu, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin kunne da na ƙwaƙwalwa. Ku tafi da kwalayen duk maganin da kuka sha, har da na gargajiya, don wasu magunguna kamar kwinin da allurar gentamicin suna taɓa kunne.

Ke kuma Hajiya, ga aikin gida, malami ba ya rabuwa da ba da shi. Daga yau ki sa yaron nan da ya rubuto mana ya samo littafin makaranta. Duk ranar da jirin ya zo ya rubuta, da boko ko da ajami. Ba sai da agogo ba: ya fara bayan azahar, ya sake ki bayan isha'i, ya isa. Ya rubuta abin da ya zo tare da shi, ciwon kai ne, ƙin haske ne, ƙugin kunne ne, da abin da ya gabace shi, kasuwa ce, rashin barci ne, al'ada ce. Wanda ba shi da mai rubutu ya samu zare ya riƙa ƙulli, babban ƙulli na wuni, ƙarami na ɗan lokaci. Ba sai kin jira littafin ya cika kafin ki je ba, ki je yanzu, ki ci gaba da rubutun wata biyu ki koma da shi. Kuma in kin zauna gaban likita, kafin ya tambaye ki, ki fara da labarin kallabin nan na lokacin budurci.

Lokaci ya ƙure mana. Mai sauraronmu na Gandi da ya yi tambaya a kan ƙugin kunne, takardarka ta iso, ita ce ta farko mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.